Yaren Hancin Nan Naki Ya Yi Rana

Zuwa ga aminiyata Mariyama, a Damagaram.

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina mutanen gida, yaya ƙafar taki? Ni ce Ladi, maƙwabciyarki ta Sabon Gari a Wudil. Rabi ce ke riƙe da biro, jikar nan tawa da na raina tun rasuwar uwarta. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, ban son gyara.

Rabi ta samu shiga digiri na biyu. Saura ƙiris ta rasa, ke kika fisshe ta, ba ki ma sani ba.

Kin san na farkon ya ja mu a ƙasa. Yau an rufe jami'a, gobe malamai na yajin aiki. Sai da soja suka koma bariki ta gama bautar ƙasa. Ta ce tana son karatun tattalin arziki na tsakanin ƙasashe. Na ce mene ne kuma haka? Ta ce kamar yadda shanunku ke shigowa kasuwar Kara, atamfarmu ta haura wajenku, da abin da ke sa sefa ta hau naira ta sauka. Na ce marigayi Alhajinki ya yi wannan har ya mutu ba digiri.

Baffanta Sale ya samo mata koyarwa a Dagumawa. Ya ce sau ɗaya za ta nemi digiri na biyun, in ba su ɗauke ta ba ta kama alli, magana ta ƙare. Ni ba ni da miji da zai musa masa.

Masu ba da gurbin karatun nan sun fi dillalan shanu bincike. Sai sakamako mai kyau, sai lissafi mai ƙarfi, har da malamai uku da za su shaide ta, ɗaya ma sai da aka bi shi asibiti. Duk ta kawo. Da ta je ganawa can kudu suka ce saura abu guda: mai wannan fanni sai ya iya karanta wani yaren ciniki ban da Turanci. Aka miƙo mata takarda da Faransanci.

Ta ce tana duba takardar, sai ta ji muryarki a kunne.

Kin tuna tana ƙarama, ta fasasshiyar katangarmu take tsallakawa wajenki? Kin dawo daga karɓar haihuwa a gajiye, ki kunna rediyonki, ki zaunar da ita tana tsince wake tana ƙirga da Faransancinku. Ina ta faɗa, na ce za ki lanƙwasa wa yarinya harshe da yaren hanci. Kika ce, "Ladi, bar ta, baki ba ya cika." Da kika gama takaba za ki koma gida, kika bar mata littattafanki a cikin kwalla. Sau biyu na so in kunna wuta da su, ta ɓoye. Ashe karantawa take.

Ta karanta musu takardar, ta fassara. Aka ɗauke ta. Sale ya zo ya ce dama ya sani.

Kin san ban iya daɗin baki ba. Allah bai ba ki haihuwa ba, amma kin yi raino. Na gode. Rabi na kuka tana jiƙa takardar, na ce ta share hanci ta ci gaba.

Sai maganar bashi, ga wanda ake bi da mai bi. Turminki yana wajena, ya tsage, ba zan biya ba. Rabi kina bin ta zuwa, za ta zo miki kafin su fara karatu, da soyayyen kifin kogi. Ni kuma ina bin ki. Ranar da kika hau mota kin ce za ki dawo mu sha fura. Ki zo ina raye, ban son zuwan ta'aziyya.

Allah ya jiƙan mazajenmu, ya ba ki lafiyar ƙafa, ya saka miki da Aljanna.

Taki,
Ladi