Tururin Banɗakinmu

Auta,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikana sarkin ɓarna. Ya aiki, ya gajiya? Ki yi haƙuri da rubutun, kin san babanki aji huɗu ya yi, malamai suka ga ya ƙoshi suka sallame shi. Na rubuto ne don in muna waya mamanki na kusa, kunnenta kuwa ba ya jinya.

Jikinta da sauƙi, alhamdu lillahi. An yi mata ƙarin ruwan maganin nan karo na huɗu, saura biyu. Gashin dai ya gama zubewa kamar yadda likita ya faɗa, har gira. Kada ki ɗaga hankalinki, amma ranar Talata jiri ya ɗebe ta a wanka. Kin san ta da ruwan zafi, sai banɗakin ya cika da tururi har mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Na ji kwanon sabulu ya faɗi, na shiga na tarar da ita zaune a ƙasa, tayil duk santsi. Ba ta ji ciwo ba.

Da na gaya wa likita, ya tambaya ko muna da fanka mai zuƙe tururi. Na ce muna da ita, ta ma girme ki. Da ƙyar na ƙara masa da cewa shekara uku ke nan ba abin da take sai gurnani, kuma silin ya yi baƙi da fumfuna. Ya ce jikin mamanki yanzu ba shi da ƙarfin faɗa da irin wannan, a canja ta kafin wani abu.

Na je shago. Da murfin tukunya na auna ramin fankar, na tafi da shi a jaka. Mai shagon ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya auna murfin ya ce inci huɗu. Ya tambayi girman banɗakin, na ce taku uku da taku biyu, takun mai gajerun ƙafafu. Ya ce kada kyan fuska ya ruɗe ni, in duba yawan iskar da take ja. Na zaɓi wadda ke tashi tare da fitila, ta kuma ci gaba da aiki minti goma bayan an kashe. Maƙwabcinmu mai gyaran wuta zai zo ranar Asabar. Na ce zan iya da kaina, mamanki ta ce majinyaci ɗaya ya ishi gidan.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya yi miki albarka.

Babanki, injiniya ba takarda.

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata murar jikana ta sake shi. Mu ma muna nan, sai godiya.

An saka fanka. Ni na riƙe tsani, wanda kowa ya san shi ne babban aikin. Da maƙwabci ya kashe wutar gidan ya ciro tsohuwar, sai ga sheƙar tsuntsu cunkushe a bututun. Ashe muna da baƙi ba mu taɓa gaisawa ba. Ya share, ya ɗaura sabuwa, ya kara tishu a bakinta, tishun ya manne. Na wanke silin, na yi wanka da ruwa mai zafi, na fito madubi tas kamar yau aka saye shi. Na kira mamanki ta zo ta ga aikin mijinta. Ta leƙa, ta ce sannu da ƙoƙari, ta juya.

Daga ranar ta daina kunna fitila in za ta yi wanka. Kin ga ba fitila, ba fanka. Ga duhu, ga tururi, ga santsi, abin da na gudu ya ninku. Na yi mita, na yi wa'azi, har na ce ko tsoro take ji kada fankar ta zuƙe ta, ganin yadda ta rame. Wannan barkwancin bai yi ba, Auta. Bakin babanki ya riga hankalinsa tashi. Ta shige ɗaki ta tura ƙofa.

Da la'asar na kai mata shayi, na tsaya kamar wanda aka kama da kazar mutane. Ba ta dube ni ba, ta ce, “Malam, tururin ne ke rufe mini madubi. Wata uku ban ga kaina ba.”

Shekara talatin da ɗaya muna tare, ban gane wannan ba sai da aka gaya mini.

Washegari na ɗauko sukundireba zan cire madubin. Ta riƙe hannuna ta ce in bar shi, ba za ta zauna tana gudun gilashi a gidanta ba, sai dai ba za ta iya dubawa ita kaɗai ba. Na kunna fitila, fanka ta tashi, muka tsaya kafaɗa da kafaɗa. Ta daɗe tana kallo. Ta shafa inda girarta take a da. Ta yi kuka, ni kuma na ce sabulu ne ya shige mini ido, alhali ko famfo ba mu buɗe ba. Can na ce mata sanƙona ya shekara ashirin yana zaman kaɗaici, yau ya sami abokin hira. Na riƙe numfashina. Ta dube ni ta cikin madubin, ta ce nata gashin dai zai fito, nawa kuwa sai a lahira.

Yanzu da fitila take wanka. Ina zama a kujera bakin ƙofa, in ta gama in shafa mata mai a ka. Ta ce in gaya miki, kiran bidiyon nan da take ta ƙi miki, ranar Juma'a ki kira, za ta ɗauka. Ki shirya fuskarki tun yanzu. In kukan ya zo ki bar shi ya zo, ba ya yi mata komai, mun gwada.

Ki shafa mini kan jikana. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naki har kullum,
Babanki.