Wata Biyar Ina Ƙirƙirar Awon Jinin Ƙanwata

Assalamu alaikum Anti da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana. Wanda zai zage ni ya bari ya kai ƙarshe tukun, na san masu zagi ba su da haƙurin karatu.

Mu 'yan Borno ne, rikicin nan ya koro mu Jimeta, muna zaune a Luggere. Ranar da muka gudo, ni na goyo ƙanwata a daji tana 'yar shekara uku. Yanzu shekarunta sha biyar, tana da ciwon suga na allura, bara kuma likita ya ce hawan jini ya shigo. Aka sayo abin awo, aka ba mu littafi, aka ce safe da yamma a gwada ta a rubuta. Wa zai yi? Ni mana, tunda ni ce mai boko a gidan. Na samu gurbin karatu, Baba ya ce in jira ta samu sauƙi. Abincinta daban, ba gishiri ba magi, ni ke dafawa, ta ture kwano ta ce, "Adda, wannan ko akuya ba za ta ci ba." Mama kuwa sai ta ce, "Ki yi haƙuri da ita, ba ta da lafiya." Ni wa ya taɓa tambayar tawa lafiyar?

Wata safiya ta ƙi miƙo hannu, har da tsaki. Na ɗauki biro na rubuta lambar jiya. Ba abin da ya faru. Washegari na sake. Daga nan na daina gwada ta kwata-kwata, kullum in zauna in tsara lambobi masu kyau, in ɗan sauya su kada a gane. Na kuma koma zuba mata miyar gida don in huta da tukunya biyu. Ita daɗi ta ji, ba matse hannu, ga miya mai ɗanɗano, sai ta yi shiru. Likita ya duba littafin ya ce madalla, ya rage mata magani. Har yaba mini ya yi a gaban Mama, na yi murmushi, kun ji rashin kunya.

Sati uku da suka wuce ta faɗi a makaranta, ƙafafunta a kumbure, idonta na gani dishi-dishi. An ce jinin ya daɗe a sama, ya fara taɓa ƙoda. Baba ya tsaya a kanta a gadon asibiti yana faɗa: "Yayarki na kashe kanta a kanki, ke kina zuwa kina cin kilishi da indomi a ɓoye! Munafuka!" Da ya fita ta juyo ta kalle ni ta ce, "Adda, ki faɗa masa da bakinki. Ni ba zan faɗa ba, ina so in ga iya inda za ki kai." Na ce, "Ke da kike ƙin ba da hannu fa?" Ta ce, "Sau ɗaya na ƙi." Tun ranar ko ruwa ba ta karɓa daga hannuna.

Gaskiya har yanzu ina jin haushinta, ina jin haushin iyayena da suka ɗora mini wannan kaya ni kaɗai, amma na fi jin haushin kaina. Baba ya daina yi mata magana saboda laifina. Likita kuma ya kasa gane yadda jini ya tashi haka, ya ce ranar Litinin a kawo littafin tare da mai yin awon, don a kan littafin zai tsara sabon magani. In na faɗa, Baba zai iya tsine mini. In na yi shiru, za a sake auna mata magani a kan ƙaryata.

Jama'a, kwana huɗu suka rage. Me zan yi?