Murɗin Gidanmu

Litinin, 3 ga Maris
Matar gidan tarihi ta kawo min buhun tsofaffin ƙarafa, wai in cire musu tsatsa kafin a jera su a gilashi. Na zazzage a ƙasa. Mari ne, irin wanda ake sa wa bayi a ƙafa. Guda goma sha ɗaya, an tono su a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa. Ta ce, "A hankali, Maƙeri, kada ka goge su har su yi ƙyalli." Na ce to.

Talata, 4 ga Maris
Na jiƙa su a mai. Duk wanda ya ƙera su gwani ne, abin da ya fara zuwa min ke nan, Allah ya yafe min.

Alhamis, 6 ga Maris
Akwai ƙarami a ciki. Zobensa bai kai bakin kofin shayi ba. Na juya shi, na juya shi, ina neman hujjar cewa na dabba ne. Ba na dabba ba ne.
Na fita ƙofar maƙera shan iska. Bishiyar gaban garejin bakanike ta zubar da fure rawaya a kan ruwan kwata, yana ta zagaye a hankali. Kyau kamar me. Haushi ya kama ni, ban san da wa ba.

Asabar, 8 ga Maris
Baba ya zo. Tunda idonsa ya rufe, zaman maƙera yake so, ya ji ƙarar guduma. Ya ce in miƙo masa abin da ya sa ni shiru. Na miƙa. Yatsunsa suka bi ƙarfen suka tsaya a wajen maɗauri.
"Uku hagu, ɗaya dama," in ji shi. "Murɗin gidanmu ne. Aikin kakana ke nan."
Murɗin da ya koya min ina shekara tara. Wanda na sa a tagogin rabin layin nan, nake nuna wa mutane da alfahari. Tsatsa ce ta ɓoye min shi, ko ni ne ban so gani ba.
Na ce, "Baba, har na yara?"
Ya ce, "Aiki aka kawo masa." Can kuma, ƙasa-ƙasa, "Ai yaro ma yana gudu."
Sai ya ce in kai shi gida, ana tsakar rana.

Lahadi, 9 ga Maris
Ban hura wuta ba.

Laraba, 12 ga Maris
Na gaya wa maiɗakina. Ta ce, "Kai ka ƙera?" Na ce a'a. "To ci abincinka." Amma da tana shafa wa Auta mai bayan wanka, na ga ta riƙe ƙafar yarinyar ta daɗe ba ta saki ba. Ita kuwa Auta sai dariya, wai cakulkuli.

Juma'a, 14 ga Maris
Na kai kayan. Har an buga ɗan kati: "Ba a san wanda ya ƙera ba." Matar ta yaba aikina. Na yi godiya, na fito kamar ɓarawo.
Baba ya daina zuwa maƙera. Da na shiga gaishe shi, tambaya ɗaya: "Ka faɗa wa matar gidan tarihin?" Na kasa gane wace amsa yake so.

Asabar, 22 ga Maris
Hanya ce kawai ta bi da ni ta gidan tarihin, ba da niyya na je ba. Na ce wa matar akwai kuskure a katin. Ta dube ni, ta ɗauko biro. Na faɗi sunan kakan Baba, na sake faɗa don ta rubuta daidai. Sunana ne ma, shi aka mayar min. Ban taɓa jin nauyinsa a baki ba sai yau.
A ƙafa na dawo. An yi yayyafi, ƙasa tana ƙamshi. Ban hana kaina shaƙa ba.