Akuya Tara Ba Garke Ba Ce, In Ji Ofishinku

Zuwa ga Shugaban Ofishin Kula da Lafiyar Dabbobi na yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya, har da malamin nan mai jar hula da ke zama bakin ƙofa da rajista, wanda ya yi mini dariya.

Ranka shi daɗe, sunana Hajo, ana ce mini Hajo Mai Ƙuli. Ina zaune wani ƙauye kusa da Kwargaba. Maigidana ya rasu shekara shida ke nan, kuma abin da nike riƙe gida da shi biyu ne, ƙuli-ƙuli da awaki. Rubutu kuwa da furfurata na koye shi ajin yaƙi da jahilci, in ka ga ya karkace ka yi haƙuri. Ban rubuto don in yi kuka ba, kukana na yi shi tuni bayan ɗaki ya ƙare. Ina cikin farin ciki na ɗauki alƙalami, kuma ina son jama'a su ji yadda anka yi.

Na ɗaya. Garinmu, da rani, kowa na sakin awakinsa da safe. Tsoho Buba makiyayi shi ka tattara su ya nufi fadama, su sha ruwa kwami ɗaya, la'asar ya maido su. Haka munka taras, haka muke yi. Bana bayan an cire albasa, ƙanena da ke Boyekai ya kawo mini kyautar akuya, jar nan ta Sakkwato mai sheƙi, na sa mata suna Kyauta. Da ita awakina sunka cika tara, har da bunsuruna Ɗan Ja. Ranar da ta iso ta cusa kai cikin buhun dusa, ƙura ta shige mata hanci, ta yi tari sau uku. Maƙwabciyata Ige tana tsaye, ta ji. Kwana takwas bayan haka awakin gari sunka fara majina da zawo, baki ya yi gyambo, sunka shiga faɗuwa. Ige ta rasa biyu rana ɗaya. Kafin azahar babu gidan da ba a ji ba cewa Hajo ta shigo da annoba daga Boyekai.

Anka tara mutane ƙofar Mai Unguwa, anka yanke cewa awakina ba su sake bin Buba, kuma an ba ni wa'adin kasuwa uku: ko in kawo shaidar likita cewa lafiyarsu lau, ko in yanka su duka, ko in fitar da su daga gari. Ina zan kai su? Wa zai karɓi akuyar da anka yi wa wanga tambari? Matan da muka yi shekara talatin muna aron turmi da taɓarya sunka daina shigowa gidana. Ƙulina ya kwana uku cikin faifai babu wanda ya taya. Wallahi abin ya yi mini zafi, kuma na tsorata, don ni kaina ban san ko gaskiyarsu ba ce. Na kafa turaku tara cikin gida na ɗaure su, ina yanko musu ciyawa da hannuna, ina ɗebo musu ruwa daban.

Na biyu, kuma nan ƙarata take. Na zo ofishinku ranar Litinin da sassafe, na gai da malam mai jar hula, na ce gwaji nike so a yi wa dabbobina. Ya buɗe rajista ya ce shanu nawa. Na ce awaki ne. Ya ce nawa. Na ce tara. Ranka shi daɗe, sai bawan Allah ya rufe rajistar ya yi dariya har da buga tebur, ya kira wani ya zo ya ji. Ya ce su garke suke fita dominsa, akuya tara kuwa ba garke ba ce, in je kasuwa in sayi jan kafso in ɗura musu. Na koma ranar Alhamis, anka ce ka tafi taro. Na koma wata Litinin, anka ce mota babu mai. Sau uku ina barin kaskon suya ina hawa bayan babur da ƙafafun nan nawa masu ciwo, ko kujera ba a ce in zauna ba. Mi na yi muku? Allon da ke bakin ƙofarku cewa ya yi lafiyar dabbobi, na karanta shi da kaina harafi harafi, ban ga inda anka rubuta shanu kaɗai ba.

Cikin kwanakin nan, da mutanen gari sunka ga babu mai zuwa, sai sunka kira wani mai allura da ke yawo kasuwanni da jaka. Ya bi gida gida da allura guda, ya tsira wa mai ciwo, ya goge da gefen riga, ya tsira wa mai lafiya. Gidana kaɗai ya tsallake, don an ce mishi kada ya ɗebo cuta can. Na ji haushin tsallakewar a lokacin, Allah Ya yafe mini.

Na uku. Da kasuwa biyu ta wuce, saura ɗaya, na ce to, tunda ofis ba ya zuwa wurin awaki, awaki su tafi ofis. Ƙanena ya zo da amalankensa na shanu da yake ɗaukar albasa, munka loda su tara, munka shimfiɗa musu harawa. Da hantsi munka iso. Na ɗaure su gindin dogon yaron da ke farfajiyarku, na shimfiɗa gyalena na zauna, na ce wa mai jar hula ga garken ya zo da ƙafarsa. Ya ce in kwashe su. Na ce ko da ɗan sanda. Ana cikin haka Ɗan Ja ya miƙe da ƙafafun baya ya cinye rabin takardar sanarwa da kunka liƙa ga bango. Wagga kam laifinmu ce, ina ba da haƙuri.

Kukan awakin ne ya fito da wata likita daga ɗakin ciki, ɗiyar mutane mai fara'a, ba ni faɗin sunanta don kada in ja mata magana. Ta fara yi mini faɗa, ta ce Inna, dabbar da ake zargi da ciwo ba a yawo da ita gari gari. Na ce ɗiyata, gaskiyarki, na sani, amma sau uku na zo ni kaɗai. Ta dubi mai jar hula, ta koma ta ɗauko kayanta. Ta buɗe bakin kowacce ta duba, ta auna zafin jiki, ta ɗebi jini ga wuya, ta shafo hanci da auduga, kowace akuya da sabuwar allurarta da kwalbarta da sunanta a rubuce. Ta jera kwalaben cikin akwatin ƙanƙara ta ce za a kai Sakkwato. Aikin duka bai kai daga hantsi zuwa azahar ba. Abin da na yi sati biyu ina roƙo ke nan.

Na huɗu. Sakamako ya fito ana jibi wa'adi ya cika. Likitar da kanta ta kawo shi bisa babur. Ban karɓa cikin gida ba, na ce mu tafi ƙofar Mai Unguwa inda anka yanke mini hukunci. Anka kira hedimasta ya karanta da ƙarfi ya fassara. Ɗan Ja lafiya. Kyauta lafiya. Haka ya bi su har tara, babu ko ɗaya mai ɗauke da ciwon. Ranka shi daɗe, ni da ban taɓa ɗaga murya gaban maza ba, sai ga ni na rangaɗa guɗa! Na ce a sake karanta na Kyauta, anka sake. Mai Unguwa, Allah Shi saka mishi, ya ce gaban kowa an zalunce ni, a yafe. Likitar ta zagaya gari ta duba waɗanda sunka rage, ta ware masu ciwo, ta ce masu lafiya a yi musu rigakafi, ta kuma gaya wa mutane cewa cakuɗa awaki kwami ɗaya da allura guda su sunka ƙara wa abin wuta. Ashe korar da anka yi wa awakina ita ta tsare su. Inda ciwon ya fito tun farko kuwa, Allah masani. Ana ta raɗa sunan wani, ni ba ni cikin masu faɗi, don ba ni da takarda a kansa, kuma na ɗanɗana.

Yanzu ga inda muke. Awakin gari sun ƙare sai ɗai-ɗai. Bunsurun Mai Unguwa ya mutu, na Buba ya mutu, duk garin babu namiji sai Ɗan Ja. Shekaranjiya da safe ina murza gyaɗa sai na ji sallama, ga Ige tsaye bakin zaure, ta kasa shigowa. Cikin shida ɗaya ta rage mata. Ta yi ta murza bakin zane, ta tambayi gajiya, ta tambayi zafi, ta sake tambayar gajiya, sa'an nan ta ce ko Ɗan Ja zai kwana biyu gidanta. Na ce shigo, Ige, turminki ma yana nan tun bara. Ta fashe da kuka, nima na yi. Amma na gaya mata, kamar yadda na gaya wa sauran mata goma sha ɗaya da sunka biyo bayanta, Ɗan Ja ba ya shiga gidan da ba a gwada akuyarsa ba. Ba ramuwa ba ce. In ya ɗauko ciwo gida ɗaya, shi zai raba shi gida goma sha biyu, mu duka mu tashi babu komai. Sun yarda. Ai ni ce yanzu malamar gwaji garinmu, kowa ni yake tambaya ta ina ake ɗibar jinin.

Saboda haka ga roƙona. Ka turo mana likitar nan da akwatin ƙanƙararta kafin ruwa ya sauka, ta gwada awakin gidajen nan goma sha biyu. Ka sa a riƙa zuwa rigakafi ƙauyuka kan lokaci, don masu allura guda su rasa kasuwa. Ka kuma ja kunnen mai jar hula, ban ce a kore shi ba, shi ma shina da iyali, a dai koya mishi cewa wadda ta ce akuya tara dukiyarta duka ta faɗa.

Ina sanar da kai tun yanzu don kada a yi dariya sau biyu: cikin gidajen nan babu mai awaki fiye da uku, Ige kuwa akuyarta ɗaya ce tal, kuma da ita take fatan sake tayar da turke. Mun fi son ku zo, don likita ta hana yawo da dabba kuma mun ji. In mota ta sake rasa mai, awakin za su zauna gida, mu matan goma sha uku mu zo da tabarminmu gindin dogon yaro. Na riga na nuna musu inda inuwa ta fi.

Allah Shi ja zamaninka, Shi ba ka ikon riƙe amanar da anka ɗora maka, Shi albarkaci likitar nan da iyayen da sunka haife ta, Shi tsare dabbobin talakawa manya da ƙanana.

Taka mai biyayya, wadda akuyoyinta tara ke nan raye, biyu ma da ciki,

Hajo Mai Ƙuli.

Wassalam.