Ɗana Yana Lissafin Cutar Aladu

Anti Ɗelu, ki taimake ni da shawara, raina a ɓace yake.

A unguwar Setapak ta Kuala Lumpur muke zaune, maigidana yana koyarwa. Babban ɗanmu Haliru yana shekarar ƙarshe a fannin lissafi. Tun da aka sa kullen korona nake ganinsa a teburin cin abinci da taswira mai jajayen ɗigo, ina ta yi masa addu'a, a zatona masu korona yake ƙirgawa. Ashe gonakin aladu ne. Wai yana haɗa bayanan ruwan sama da zirga-zirgar motocin dabbobi, don ya hango inda cuta za ta ɓulla a tare ta. Yaron da ya sauke Alƙur'ani yana ɗan shekara goma sha uku. Ban yi digiri ba, amma na san abin da aka haramta mana. Teburin ma sai da na wanke shi sau bakwai da wani sabulun tsarki mai haɗe da ƙasa da maƙwabciyata ta ba ni. Ubansa dariya kawai ya yi, dama shi ke ɗaure masa gindi. Me zan gaya wa dangi a Gusau?

Cikin fushi na rantse ba zan sa wa aikin albarka ba. Haliru bai yi musu ba, ya rufe kwamfutar, ya ce ba zai miƙa abin da ban yarda da shi ba. Aikin kammala digirinsa ne, saura kwana goma sha biyu a rufe karɓa, in lokacin ya wuce sai ya maimaita shekara. Kullum zai gaishe ni ya koma ɗaki. Wannan biyayyar ta fi gardama ci mini rai.

Uwa mai takaici, Kuala Lumpur

'Yar'uwa, ƙyamarki tarbiyya ce, kuma Haliru ya yi kuskure da bai zauna ya yi miki bayani tun farko ba. Amma bai ci ba, bai kiwata ba, bai sayar ba, ko gonar bai taka ba. A ƙasar da kike zaune, cutar Nifa ta taɓa tsallakowa daga aladu ta kashe mutane sama da ɗari. Irin wannan ɗanki yake ƙoƙarin tarewa.

Ki buga wa malamin da kika amince da shi waya a makon nan, Haliru yana kusa ya yi bayani da bakinsa. Ki tambayi malamin kaffarar rantsuwar. Dangi kuwa, ki ce musu rigakafin annoba yake yi, ba ƙarya kika yi ba.

Yaro ya ajiye shekararsa guda a gabanki. Kada ki bari ta lalace don kawai kin riga kin furta. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya yi masa albarka.