Takardar da Na Jawo wa Lavonne

Mississippi,
Talata, 4 ga Maris.

Zuwa ga ƙanwata Odessa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Purvis da yara da jikoki, ya kuma sassauta muku sanyin Chicago da na ji a rediyo an ce bana ya yi tsanani. Mu nan sai godiya. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta, ruwan sama ya mayar da bayan gida tabki, tsoho Mabry mai kaɗa ƙararrawar coci kuma mun binne shi a watan jiya, in har kin tuna da shi.

Kafin in shiga abin da ya sa na ɗauki fensir, bari in sauke wanda ya daɗe a maƙogwarona. Shekara goma sha tara ke nan da binne Mama, kuma tun daga ranar ban ga rubutun hannunki ba sai sunanki a ƙasan katin Kirsimeti, wanda wani da bai san ni ba ya tsara maganar ciki. Sau huɗu na rubuta miki, kin kuma san abin da rubutu yake a wurina. Ina aji uku Baba ya cire ni ya rataya mini buhun auduga a wuya, don ke ki zauna a aji har ki zama nas. Ba gori nake yi ba, tuni ne. Sau biyu na kira wayarki inji ya amsa, wai in bar saƙo. Ni Cleophus ban lalace ba da zan zauna ina hira da inji. To, na faɗa na huta, yau ba don kaina na zo ba.

Maganar 'yata Lavonne ce, wadda ta dawo ta zauna da ni tun rasuwar uwarta. Kin san ciwon sugan gidanmu ya kama ta, amma ba ki san ya kai ta ga allurar insulin sau huɗu a rana ba. Shekara goma sha biyar tana yankan tarwaɗa a kamfanin kifi, inshorar aikin kuma ita ke ɗaukar maganin. Duk ranar da aikin ya tafi, allurar ma za ta bi shi. Ke kin bar nan tun kafin a haƙa tafkunan kifi a gonakin da muka yi tsinkar auduga, don haka ba ki san wurin ba. A tsaye suke yini cikin sanyi, da wuƙa a hannu, kifi yana zuwa a kan bel ɗin inji ba ya jiran kowa. Rigar aikin ba ta da aljihu, kuma ko alewa aka gani a jikinka laifi ne, wai kada ta faɗa cikin kifi. Hutun rana rabin awa ne. Kafin ta cire safar hannu da rigar leda, ta wanke hannu, ta bi layin banɗaki, rabi ya tafi. A cikin banɗakin take huda yatsa ta gwada jini ta yi allura, don ba ta taɓa gaya wa kowa a ofis tana da ciwon ba. Wanda ya makara komawa layi a ɗiga masa maki, maki takwas kuma sallama ce. Ita tana da shida.

Duk wannan ban san shi ba sai ranar wata Lahadi, da Earline, wadda ke tsayawa kusa da ita a layi, ta ja ni gefe bayan an tashi daga coci. Ta ce mini wai in ba ta faɗa ba Allah zai tambaye ta. Wai ranar Alhamis ta waiga ta ga Lavonne ta jiƙe da gumi a cikin wannan sanyin, wuƙar tana yawo a iska kamar tana neman wanda za ta gaisa da shi. Ashe alewar minti take ɓoyewa a cikin hular ragar da suke rufe gashi. Earline ta zaro ta tura mata a baki, ta yi ta yankan mutum biyu har ta dawo hayyacinta. Mai kula da layi bai ga komai ba sai kifin da ya taru, ya ɗiga mata na shidan.

Da muka zauna cin abincin rana na tambaye ta. Ba ta musa ba. Ta ce in kwantar da hankalina, ta riga ta samo dabara: tun daga ranar ta rage allurar safe, ta rana kuma ta daina yi sai ta dawo gida. Wai gara sugan ya hau da ya sauka, don mai hawa a hankali yake cin mutum, mai sauka kuwa a kan wuƙa zai kayar da ita gaban jama'a. Na ce wannan ai gaba kura ne baya sayaki. Ta yi dariya ta ce in ci ganyena da burodin masarata kafin su huce, wai yaushe na zama likita, ni da ko sunan maganin gwiwata ban iya faɗa ba. Da na bar maganar, Odessa. Amma da yammar nan na ga ta tsoma ƙafafunta a ruwan zafi tana kallon talabijin, ruwan da ni da na sa hannu don in kawar da bahon sai da na janye. Ita ba ta ji ba. Ke nas ce, ba sai na gaya miki ba. Ni ne na riƙa ɗaukar Mama daga gado zuwa kujera bayan an yanke mata ƙafa, na san daga inda abin yake farawa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, don haka ga abin da na yi. Ranar Talatar makon jiya na sa kwat ɗina na zuwa coci, na ɗauki sanda, na tuƙa tsohuwar motata har kamfanin. Ban gaya mata ba. Na ce da matar da ke bakin ƙofa manaja nake nema, ta ce sai da alƙawari, na ce ni da alƙawarina na zo tun daga gida. Da na ga za a shanya ni, sai na ɗaga murya. Na ce 'yata tana da ciwon suga, a banɗaki take allura kamar mai shan ƙwaya, in ta faɗi a kan wuƙarsu ni da su ne har gaban Ubangiji. Lokacin canjin aiki ne, mutane cike da wurin, kowa ya ji. Na shirya a kore ni, har na tanadi abin da zan faɗa wa mai gadi. Sai ga manajan ya fito da murmushi, ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini kofi, yana ta ce mini yallaɓai. Ke ma kin san a ƙasar nan ba mai zaginka ne abin tsoro ba. Ya ce ai da sun sani da tuni sun taimaka, ya miƙo mini takarda shafi uku, wai likitanta ya cike a dawo da ita kafin ranar ashirin da ɗaya ga Maris.

Lavonne ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta shigo ta ajiye jakarta, ta dube ni ta ce sannu da aiki, Lauya. Wai shekara goma sha biyu, tun da ciwon ya kama ta, tana riƙe da asirinta, na zubar mata da shi a cikin minti biyar da kwat ɗin da ya girme ta. Ta ce akwai wata da ta taɓa cike irin takardar nan, aka cire ta daga layi aka ba ta aiki mai sauƙi, daga nan aka yi ta rage mata awanni har inshora ta faɗi, ba wanda ya kore ta, da ƙafarta ta tafi. Fasto kuwa ya ce mini akwai doka, in likita ya sa hannu dole su ba ta lokacin gwaji da allura, su bar ta ta ajiye ruwan lemo kusa. Na gaya mata, ta ce Fasto bai taɓa fere tarwaɗa ba. Takardar tana nan maƙale a jikin firji, ba ta taɓa ta ba. Abincina ba ya makara, kayana a wanke, amma Baba ya ɓace daga bakinta. Da safe sai ta ce Lauya ga kofi, da yamma ta ce Lauya an dawo daga kotu? Ina yin kamar ban ji ba.

Ban ce na yi kuskure ba. Wanda ya ga abin da na gani a bahon nan ya yi shiru, ba uba ba ne. Amma na kwana da sanin cewa garin neman gira ana rasa ido, kuma in aikin nan ya kuɓuce mata, hannuna ne. Na kai takardar gidan waya an yi mini kwafi, ga shi nan a ciki. Na zauna da tabarau yini guda a kanta, ƙananan rubutun sun fi ƙarfina. Ke kin yi shekara talatin kina cike irinta a asibiti. Kuma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne: Lavonne ba ta jin tawa, ba ta jin ta Fasto, amma har yau in ta ce Gwaggo Odessa, muryarta sauyawa take yi.

Ki gaishe mini da Purvis, ki ce masa ƙugiyar kamun kifinsa tana nan a rumfa. Ki gaida ɗanki Darnell da matarsa, da 'yarki Renita da 'yan tagwayenta da ban taɓa gani ba. Earline tana gaishe ki. Lavonne ba ta san na rubuto ba, don haka ban sa gaisuwarta ba, ba na ƙarya da sunan mutum.

Saura kwana goma sha bakwai, Odessa. Ki karanta shafi ukun nan, ki kira gidan nan ranar Lahadi da rana lokacin da take gida, ki gaya mana gaskiya: igiyar fito da mutum daga rijiya ce na kawo mata, ko ta rataya? In ta sa hannu ce, ki sa ta ta sa. In ta yagawa ce, ni zan yaga da hannuna, in koma wurin mutumin nan in ce masa tsufa ne ya ruɗe ni. In kuma zagina za ki yi, ki zage ni, ina da kunne. Amma ki amsa mini. Zan jawo kujera kusa da wayar tun daga dawowa coci, kuma ba zan tashi ba.

Ni ne yayanki,
Cleophus Tate.