Hoton Cikin da Goggo Ta Yi wa Guɗa

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan rahamar Allah tana tare da ke a makwancinki, na rubuto ne in gaya miki kwaɓar da bakina ya yi.

Kin san har kika rasu ban ba ki jika ba. To yanzu ina ganin wata likita a nan Dutse. Ta ɗora ni a kan magani, in na gama al'ada sai in riƙa zuwa tana duba ƙwan haihuwata da na'ura. In kwanta, ta kunna allo, wasu baƙaƙen ramuka su fito kamar gurbin dara. Su take aunawa. In ɗaya ya kai girman da take so, sai allura. In bai kai ba, sai wani watan. Babu ciwo, sai kunya, ita ma ta gaji ta tafi.

Ranar nan Goggo, ƙanwar Baba, ta kira daga Taura ina kan layin ganin likita. Na ce mata ina wajen hoton ciki. Inna, ni cikin da ake zuba wa tuwo nake nufi, ita kuwa ɗaya cikin ta ji. Kafin in gyara ta rangaɗa guɗa ta kashe waya. Ban sake kiranta ba. Wallahi guɗar ta yi min daɗi.

Shekaranjiya wani direba ya kawo min ƙulli daga wajenta: tsamiya, da majanyin saƙin nan naki, wanda kike hana kowa aro kina cewa mai shi yana hanya. Ashe ita kika bar wa ajiyarsa.

Yau na koma. Likita ta auna, ta sake aunawa, ta ce wannan watan ƙwan bai girma ba, a dakata. Na yi godiya, na ɗaura zanina, na ratsa ta tsakanin masu cikin gaske na fito.

Goggo ta aiko cewa tana tafe ranar Juma'a ta ga yadda nake fama da laulayi. Zan gaya mata gaskiya, in ta so ta yi faɗa. Majanyin dai ba zan mayar ba.

Na yi kewarki, Inna. Da ke ce kika kira, daga jin muryata kin san wane cikin nake nufi.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata miki shi. Ni kuma Ya ba ni bakin da zan fuskanci Goggo.

Taki,
Hadiza